Neman Koren Motar Baba, Daga Garwa Har Maga

Talata: Garwa zuwa Marwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙofar gidanmu a Yelwa, jaka a kafaɗa. A cikin jakar akwai zani biyu, carbi, kwalbar ruwa, da murfin tankin man mota. E, murfin tanki. Ni Hajara, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa, uwar 'ya'ya huɗu, na kulle shago a tsakiyar cinikin bukukuwan aure na kama hanyar Marwa saboda fenti. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya, shi ya sa na daina gaya wa kowa.

Ga yadda abin ya samo asali. Babanmu, Alhaji Sale, yana da wata tsohuwar mota kirar Faransa mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Ya saye ta tun ba a haife ni ba. Da ita ya yi jigilar busasshen kifi da shinkafa daga Maga zuwa Garwa, a cikinta aka kawo Inna gidan aure, kuma tun muna yara ba mu da labarin da ya fi na yadda ya sayo ta a Marwa sabuwa fil, kore shar, kujeru da ledarsu. Daga baya yayyena suka yi ta wulaƙanta ta, wannan ya fesa mata ja, wancan ya fesa shuɗi, har ta zo ta kwanta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida kaji suna ƙwai a ciki.

To sai likita ya ce idon Baba na dama ya tafi, na hagu kuma yana bin sa, da wuya ya kai damina. Muka tambaye shi abin da yake so. Muna tsammanin zai ce Umra, ko ya je Yola ya ga 'yan'uwa. Sai ya ce, a gaban Inna, yana son ya ga motarsa da launinta na kamfani kafin duhu ya rufe.

Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Na kai ta garejin babban makanike Metir Hamadu, wanda yake da injin haɗa fenti. Ya ɗaga bonet, ya goge wani ɗan allon ƙarfe, ya karanta lambar launi, ya buga a injinsa. Abin da ya fito ruwan madara ne. Baba ya kara shi kusa da idonsa ya ce a kai wa mai koko. Metir Hamadu ya ɗauki reza ya kankare murfin tankin a gabana: shuɗi, ƙarƙashinsa ja, ƙarƙashinsa wani kore da rana ta ƙone, can ƙasa ruwan madara. Ya ce na ƙasan shi ne na kamfani. Baba ya ce ƙarya ne, wannan shafen farko ne da ake yi kafin launi, ni ma na taya shi da baki a gaban yaran gareji. Aka haɗa kore sau uku, sau uku yana turewa. Na kwaso ƙyallen atamfa kore iri-iri daga shagona na shimfiɗa masa a tabarma, ni da nake bambance launi tun daga bakin layi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. A ƙarshe ya ce in je unguwar Domayo a Marwa in nemi wani Zira, wanda yake aiki wurin dillalin da ya sayar masa da motar, shi ne ya san launin kamfani.

A ajans, wato tashar bas, an rubuta mini tikiti, sefa dubu uku da ɗari biyar, aka ce bas ɗin ƙarfe biyar da rabi ce. Ƙarfe bakwai saura minti goma muka tashi, saboda wani fasinja da awaki biyu da aka rasa inda za a ɗaure. Mun wuce Pitowa da ƙarfe bakwai da kwata. Daga nan zuwa Figil, kusan kilomita tamanin, direban bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, ba ni na haƙa su ba."

A shingen da ke bayan Figil jandarma ya karɓi kat dantite, wato katin shaida, ya ce a buɗe jakunkuna. Ya zaro murfin tankin yana jujjuya shi, ya tambaye ni da Faransanci ina sauran motar. Na ce tana Garwa, kaji na gadinta. Ya ce ina takardar wannan ƙarfe. Takardar murfi! Na fara yi masa bayanin idon Baba, fasinjoji suna tsaki, rana ta fara cizo. Wata tsohuwa ce ta cece ni, ta ce masa da Fulatanci ya dube ni da kyau, ɓarauniyar mota ba ta ɗaura atamfa mai tsada haka. Ya yi dariya ya miƙo mini. Minti ashirin da biyar muka ɓata a wurin, kuma daga nan har Marwa sunana a cikin bas ya koma Hajiya Mai Murfi.

Mun shiga Marwa ƙarfe sha biyu da rabi, kilomita ɗari biyu da 'yan kai cikin awa biyar da minti arba'in. Na hau moto, wato acaɓa, zuwa gidan Adda Mairo, 'yar yayar Inna, a Domayo. Ta ba ni tuwon dawa da miyar yakuwa, ta saurari labarina har ƙarshe, sannan ta ce tsufa ne kawai, in sayi kowane kore in fesa, mutumin da ba ya gani ina zai gane. Na ji haushin maganar ƙwarai, musamman da yake ni ma na faɗa wa kaina haka a cikin bas.

Laraba: Domayo

Ƙarfe takwas na safe na fara bin gareji-gareji. Shagon dillalin da Baba ya kwatanta mini, kusa da wata tsamiya, yanzu wurin sayar da wayoyi ne, tsamiyar ma babu. Dillalin ya rasu tun tuni. Da na ambaci Zira sai aka ce wane Ziran? Ashe a wurin mutanen duwatsun yankin wannan suna ne na jerin haihuwa, kowane gida da nasa. An kai ni wurin Zira mai faci, da Zira mai walda, da wani Zira mai gasa alade wanda ya tsorata da ganina fiye da yadda na tsorata da ganinsa.

Kowane gareji na shiga sai an karɓi murfin, a tofa masa yawu, a goge da babban yatsa, a ɗaga shi a rana. Kuma kowa da fatawarsa. Wani ya ce irin wannan mota ba ta taɓa zuwa da kore ba. Wani ya ce ta zo, amma sai ta ma'aikatan daji. Wani saurayi ya ɗauki hoton wurin kankarar da wayarsa ya ce zai nemo mini a intanet, wayar ta nuna launin toka, ya ce to toka ne. Na ce masa Allah ya ba shi lafiya. Ƙafafuna sun kumbura, zanina ya sha baƙin mai, kuma na biya kuɗin moto sau bakwai a unguwa ɗaya.

Wajen la'asar, a wani gareji bakin mayo, wato kogi, wani dattijo mai gyaran radiyeta ya ce in dai Zira mai fenti ne, mai gwangwanin tumatir, ai ya bar Marwa shekaru da yawa, ƙirji ya hana shi aiki. Yana Maga wurin 'yarsa mai noman shinkafa. Na ce Maga? Ya ce Maga. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na kira gida, niyyata in ce an yi iya ƙoƙari. Inna ce ta ɗauka. Ta ce yau da safe Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kifar da shi, bai gan shi ba. Ban ce komai game da komawa ba, na tambayi inda ake shiga motar Maga.

Alhamis: Marwa zuwa Maga

Motar Maga ƙarama ce, ta mutum biyar, aka zuba mu tara. Mun tashi ƙarfe bakwai da rabi. Ni da wata mai ciki muka raba kujerar gaba, giya tana dukan gwiwata duk sanda direba ya canja. Bogo ƙarfe tara saura kwata, aka tsaya ƙara iska. Bayan Bogo taya ta fashe duk da iskar. Girbidik ƙarfe sha ɗaya, inda na sayi makala, wato fanke, da shayi na sefa ɗari biyu, shayin sukari ne da ɗan ruwa. Kilomita tamanin, sai ƙarfe sha biyu muka ga dogon bangon tafkin Maga, ga gonakin shinkafa shimfiɗe har iyakar gani, kore iri-iri kamar ana yi mini gatse.

Neman gidan bai yi wuya ba, kowa ya san Marta mai shinkafa, kusa da coci. Na same ta tana shanya, na yi sallama, ta amsa da Hausar kasuwa, ta nuna mini mahaifinta a ƙarƙashin rumfa. Tsoho ne siriri, yana tari, farcensa har yanzu da baƙi-baƙi a gefe. Na gaishe shi na faɗi sunan Baba. Na miƙa masa murfin. Bai tofa yawu ba, bai ɗaga a rana ba, ya shafa wurin kankarar da yatsa, ya ce, "Bashen Sale mai kifi. Tana nan?"

Ya sa Marta ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka ɗaga murfinsa sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Cikin murfin akwatin gaba ɗaya ɗigo-ɗigon fenti ne, kowanne girman babban yatsa, jere kamar ƙwan zabi, babu rubutu ko ɗaya. Ya ce tun yana koyon aiki haka yake yi: duk motar da ya fesa, kafin ya wanke bindigar fenti sai ya dangwala yatsa ya ɗiga a nan, don in mai ita ya dawo da ƙarzuwa a san abin da za a haɗa. Rana ba ta shiga akwati, launi ba ya kodewa. Ya bi layi na biyu da yatsa yana kiran masu motoci, wannan na wani fadan coci ne, wannan na mai goro, ya tsaya a kan wani kore mai sanyi, ba mai duhu ba, ba mai haske ba. Ya ce ga ta.

Murna ta kama ni, sai kuma ta sake ni. Na ce, "Baba Zira, ka ce motar da ka fesa. Wannan ai sabuwa aka saye ta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce motar ta yi shekara uku a hannun wani Bature mai aikin auduga, ruwan madara ce, dillalin ya saye ta da zai koma gida. Shi Zira aka ba ta ya gyara. Koren ma ba saye aka yi ba, ragowar fentin ƙofofin wata makaranta ne ya haɗa da fari da ɗan shuɗi. Ledar kujerun kuwa shi da kansa ya sayo a kasuwa ya ɗaura.

Shekara arba'in da wani abu ana ba mu labarin sabuwar mota, an sa mun yi faɗa da yaran unguwa a kanta, ashe fentin ƙofar makaranta ne. Na ji haushin dillalin da yake kabari, na ji haushin tsohon da yake dariya, na ji kunyar Metir Hamadu da na yi wa rashin mutunci a gaban yaransa alhali shi ne mai gaskiya. Sannan na ji tausayin Baba. Na tambayi Zira ko Baba ya taɓa sani. Ya rufe akwatin ya ce Marta ta kawo wa baƙuwa abinci.

Na roƙe shi ya haɗa mini a lokacin in kama motar yamma. Ya ƙi. Ya ce ba a haɗa launi da rana tsaka, ido yana ƙarya, sai da safe kafin inuwa ta gajarta. Na ce ina da shago, ina da yara. Ya ce shi ma yana da ƙa'ida. Haka na kwana a ɗakin Marta, bayan ta cika ni da shinkafar gonarta da soyayyar karfasa, kifin tafkin, wadda, in faɗi gaskiya, ban taɓa cin irinta ba. Sauron Maga kuma ya ci nasa rabon a jikina.

Juma'a: Maga

Ƙarfe shida da rabi muka je wurin masu fentin jiragen kamun kifi na sayi ƙananan gwangwanaye huɗu: kore, fari, shuɗi, da ruwan ɗorawa. Zira ya ce ba fentin mota ba ne, amma launi kawai muke nema, Hamadun naku ya bi shi da injinsa in injin yana da ido. Ya zauna a bakin rumfa da gwangwanin tumatir wanda aka wanke, da tsinke. Kore uku, fari ɗaya da rabi, shuɗi kan tsinke. Ya ɗiga a kan ƙarfe, ya ce a jira ya bushe, don ɗanyen fenti ba shi ne launi ba. Muka jira. Ya kara da na akwati, ya ce ya yi sanyi da yawa. Ya ƙara ɗorawa. Muka sake jira.

Sau shida muka yi haka. Tun a na uku ni na ce ya yi, ni mai atamfa. Ko kallona bai yi ba. A na shida ya ɗiga kusa da tsohon ɗigon a cikin akwatin, da ya bushe na nemi iyakarsu na rasa. Ya shafe bayan murfin tankina da shi, ya zuba sauran a kwalbar magani ya toshe da leda. Na miƙa masa ɗan abin da na ƙulle, ya ture hannuna. Ya ce in gaida Sale, in ce masa ƙofar hagu ta riƙe.

Ban gane saƙon ba, kuma ba ni da lokacin tambaya, motar ƙarfe sha ɗaya tana hon. Na kwana Domayo. Adda Mairo ta tambaye ni ko an dace, na ce an dace, ban ƙara ba.

Asabar: komawa Garwa

Bas ɗin ƙarfe shida ta tashi ƙarfe shida, abin da ya ba kowa mamaki. Duk hanya lissafi ɗaya nake yi. Baba launin kamfani ya ce, launin kamfani kuwa ruwan madara ne. In na fesa kore na taya dillali ƙarya, in na faɗi gaskiya na karya wa tsoho abin da ya fi alfahari da shi, a watannin da suka rage masa na gani. Jandarman Figil ya gane ni, ya ce Madam har yanzu ba a samo sauran motar ba? Ban iya ko murmushi ba. Kafin mu kai Pitowa na yanke shawara: kore, kuma bakina alaikum.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na sauka, ban je gida ba sai da na biya gareji. Na ba Metir Hamadu haƙuri, na ba shi kwalba da murfi. Ya ce wannan launi babu shi a littafin kowane kamfani. Na ce na sani, ya fesa kawai. Kwana tara aikin ya ɗauka, kullum ina zarya tsakanin shago da gareji.

Ranar da aka kawo ta da safe ne, wajen ƙarfe takwas. Na riƙo hannun Baba zuwa ƙarƙashin darbejiya, Inna tana bin mu a baya. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa bonet, ya juya kai yana kallo da gefen idon hagu. Ya daɗe haka. Sannan ya ce, "Ita ce." Inna ta ce haka take ranar da aka ɗauko ta daga gidansu, ta goge ido da gefen mayafi, ta koma ciki wai ta bar shayi a wuta.

Muka rage mu biyu. Baba yana shafa ƙofar hagu, ya tambaye ni a hankali ko Zira har yanzu da gwangwanin tumatir yake awo. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce watan motar biyu a hannunsa amalanke ya ƙarje wannan ƙofar, ruwan madara ya leƙo. Ya koma Domayo a fusace, dillali ya ɓuya, Zira ya shafe masa wurin kyauta.

Na ce, "Baba, ka sani? Ka sani ka bar ni na yi ta faɗa da mutane, na kwana huɗu a hanya?"

Ya ce, "Hajo, na riga na gaya wa kakanki sabuwa ce ranar da na je neman uwarki. Ranar nan kuma a gabanta kuka tambaye ni. Me kike so in ce? Ke dai ki riƙe bakinki."

Na shige ciki ina huci, na samu Inna a bakin murhu, babu wani shayi a wuta. Ta dube ni ta ce in rage murya. Ta ce shekara nawa ita take share bayan motar nan in ya dawo daga Maga, ƙarƙashin tabarmar roba duk ruwan madara ne, tun tana amarya ta gani. Kada in kuskura in gaya masa ta sani.

To, ga shi na rubuta, tunda dai a gidan ni kaɗai ce ban sani ba, kuma babu mai karanta musu. Idon Baba ya ƙarasa rufewa kafin ruwan farko, kamar yadda likita ya faɗa. Yanzu kullum da safe a kan kai masa kujera gefen motar, ya ɗora hannu a ƙofar hagu, duk wanda ya zo gaisuwa ya ce masa ya dubi koren nan da kyau, ba a yin irinsa yanzu. Inna tana jinsa daga zaure, takan ce gaskiya ne, Alhaji.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Adda Mairo, da Marta da kifinta, da tsohuwar cikin bas, da Metir Hamadu da ya haƙura da bakina. Baba Zira kuwa na aika masa turmin atamfa ta hannun direban Maga, kore, mafi kusa da nasa da na samu a shagona. Marta ta kira ta ce ya gode, amma ya ce ɗorawa ta yi masa kaɗan.